Kan Sarki da Marubucin Karkara

Maƙalar wannan mako ta faɗo kaina, kuma na zaɓi in taɓo wani abu da muke tsallakewa a zauren nan duk da cewa kullum cikin zancen littafi muke. Mun yi muhawara a kan ƙa'idojin rubutu har wasu suka yi fushi da juna. Mun yi a kan tsadar takarda, mun yi a kan masu sace littafin mutum su watsa a WhatsApp. Amma tambayar da ke zuwa bayan an gama bugu, wato ta wace hanya littafin zai bar hannun mai shi ya isa hannun mai karatu, da nawa, kuma wa zai biya, mun bar ta kamar ba tamu ba. Ni kuwa a ganina a nan ne marubucin karkara yake durƙushewa.

Ra'ayina shi ne ƙungiyoyin marubuta su daina kallon gidan waya a matsayin tsohon ginin da jemagu suka gaje, su fara neman a yanka wa littafi farashinsa na musamman a can: farashi ɗaya, sananne, mai rahusa, musamman ga ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba. Na san wasu sun fara murmushi. Ku yi haƙuri ku bari in kai aya.

Mu fara da yadda muke yi yanzu. Ni a Danja nake. Idan mai karatu a Azare ko Birnin Kebbi ya ga tallar littafi ya ce a aiko masa, da wuya in sami motar da za ta tashi daga garinmu ta nufi can kai tsaye. Sai in kai Funtuwa ko Zariya, ko in haɗa wani mai zuwa da Allah ya kai mini. A tasha sai a nemi direba ko ɗan kamasho, a rubuta lambar mai karɓa a jikin ƙunshin, a karɓi lambar direba, a biya. Nawa za a biya? Babu sikeli, babu allo, babu rasit. Kallon fuska ne da ƙarfin ciniki. Wanda ya je da shadda mai sitaci farashinsa daban, wanda ya je da rigar gona nasa daban, wata rana ma akasin haka. Mu ce littafin naira 1,500 ne. Ka sa kuɗin motarka zuwa Funtuwa da dawowa, ka sa na direba, ka sa katin da za ka ƙona wajen bin sawu, sannan shi ma mai karɓa ya hau babur zuwa tasharsu. Kowa ya yi lissafin da farashin garinsu. Abin da zai fito shi ne kuɗin aike ya haɗiye kuɗin littafin, wani lokaci ya ninka shi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta hau har ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma ba laifin direba ba ne idan ya ƙara kuɗin saƙo.

Wannan na mutum ɗaya ne mai sayar da littafinsa. Ku ɗauki ƙungiya. Kowa a nan ya san yadda ake yi: a yi karo-karo a haɗa gajerun labarai ko waƙoƙin membobi, a buga kwafi ɗari biyu ko ɗari uku, a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hotuna. Niyyar ita ce a raba wa makarantu da ɗakunan karatu da sauran ƙungiyoyi kyauta. Bayan wata shida ka je ɗakin sakatare, ga kwalayen nan a bayan ƙofa, gara ta fara karatu kafin ɗalibai. Ba rowa ce ta hana rabawa ba. Kuɗin karo-karon a maɗaba'a ya ƙare, ba wanda ya yi kasafin aikewa, domin ba wanda zai iya cewa ga adadin da aikewar za ta ci. Abin da ba shi da tsayayyen farashi ba ya shiga kasafi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kwandon tumatir ɗin Danja ya san hanyar Legas. Raken da ake sara a fadamunmu ya san hanyar garuruwan da masu shukarsa ba su taɓa takawa ba. Akwai dillali, akwai mota, akwai kuɗin kwando da kowa ya sani a wannan makon. Littafin da aka rubuta a Danja kuwa bai san hanyar Dabai ko Tandama ba, balle Maraɗi.

Ba na so a ɗauka ina kushe direbobi. Su ne suka riƙe mu. Saƙon da ka ba da safe a Funtuwa yana Kano kafin azahar, kuma amanar da yawancinsu ke riƙewa ba tare da takarda ba abin a yaba ne. Sai dai tasha layi take bi. Inda fasinja suke da yawa nan take zuwa, inda babu ta tsaya. Mai karatun da ke ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kaɗai, da malamar makarantar da ba za ta iya barin aji ta je ta tsaya jiran direba ba, da Bahaushen Kumasi ko Damagaram, duk tasha ba ta yi musu tanadi ba. Kamfanonin aike masu zaman kansu kuma a manyan birane suka tare, farashinsu na masu aika takardun kwangila ne, ba na mai aika littafin waƙoƙi ba.

Na san amsar da ke bakin da yawa daga cikinmu: ai yanzu zamanin onlayin ne, wa ke ta takarda? Ni ma a waya na fara rubutu, kuma wannan maƙalar ma a waya kuke karanta ta. Amma mu mutanen kudancin Katsina bai kamata a yi mana wannan wa'azin ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, maƙwabtanmu na kusa, aka shafe watanni a haka. Marubuciyar da jarinta duka yana cikin zauren WhatsApp na masu biyan kuɗin karatu ta wayi gari ba kasuwa ba masu karatu. A ƙarshen Nuwamban 2023 manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a kai, ta rufe. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Sannan yaron firamare a Kahutu ba shi da waya, kuma ɗakin karatun makaranta ba a cika shi da fayil. Hatta doka ba ta yarda cewa takarda ta mutu ba: dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi ya kai kwafi 3 cikin wata ɗaya, da kuɗin aljihunsa. Gwamnati ta ɗora mana wajibcin kai littafi, ba ta sauƙaƙa mana hanyar kai shi ba.

Kuma in muka waiwaya, adabin nan da muke tinƙaho da shi da ambulan da kan sarki ya girma. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa daga Zariya a Janairun 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, wasiƙun masu karatu na daga cikin abin da ya ba ta rai. Mutum yana ƙauyensu ya rubuta ra'ayinsa, ya ga sunansa da na garinsu a jarida. Mutane da yawa a nan suka fara ganin rubutunsu a buge. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa fitar da jaridun larduna, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya. Ku tambayi iyayenmu labarin katin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, yadda ake saye a cike a aika. Da aka zo zamanin adabin kasuwar Kano, ku ɗauko tsofaffin littattafan 'yan ƙungiyar Raina Kama ku duba bango ko shafin farko, za ku riƙa cin karo da lambar akwatin gidan waya, kuma masu karatu sun yi ta rubuto wa marubutan nan wasiƙu suna neman shawara a kan rayuwarsu. Abin da muke kira kwament yau, su da biro da kan sarki suka yi shi.

To mene ne gidan waya yake da shi wanda tasha ba ta da shi? Abu ɗaya ne, kuma shi ne gishirin maganar. A Ingila kafin 1840 ana biyan kuɗin wasiƙa ne gwargwadon nisa da yawan takarda, kuma galibi mai karɓa ke biya. Wani malamin makaranta, Rowland Hill, ya zauna ya yi lissafi ya gano cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa ɗaya daga Landan zuwa Edinbara bai kai ko kusa da kwabo ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne karɓa da tantancewa da lissafi da bin bashi. Sai ya ce a sa farashi ɗaya ga ko'ina a ƙasar, mai aikawa ya biya tun farko. A watan Mayun 1840 aka fito da kan sarki na farko a duniya, na kwabo ɗaya. Wasiƙun da aka aika a shekarar sun ninka na shekarar da ta gabata har da ɗoriya. Mu da muka zauna ajin difloma an koya mana wannan da wasu kalmomi: motar da za ta tafi ko da kayanka ko babu, ƙara mata littafi ɗaya ba ya ƙara mata shan mai. Farashi ɗaya yana nufin marubucin Danja da na Fagge sun zama ɗaya a gaban kanta. Babu wata hanyar aike da aka gina a kan wannan ƙa'ida in ba gidan waya ba. Amma ku riƙe wani abu daga labarin Hill, zan dawo kansa: ribar gidan wayar Ingila ta faɗi bayan sauyin, ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta koma yadda take. Rahusa ba ta taɓa zama kyauta ba, wani ne ke biya.

Yanzu mu zo gida. Har zuwa ƙarshen 1984 wasiƙa da tarho da tangaraho ma'aikata ɗaya ce, P&T, shi ya sa har gobe muke cewa gidan waya ko da babu waya ko ɗaya a ciki. A 1985 aka raba gari, NITEL ta ɗauki tarho, NIPOST ta ɗauki wasiƙa, dokar 1992 kuma ta tsayar da ita a matsayin hukuma mai zaman kanta. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai wasiƙar gaisuwa da ta soyayya da ta neman kuɗin makaranta suka koma saƙon tes. Bankuna da kamfanoni su ma suka koma imel. Ofisoshi da ma'aikata suna nan, abin da ke kawo kuɗin shiga ya tsiyaye. Hukumar da ta shiga wannan hali dole ta waiga neman inda za ta samu, kuma inda ta waiga ya shafe mu.

Wuri na farko shi ne harajin kan sarki. Kun tuna naira 50 ɗin da aka fara cire mana a banki tun 2016? A kanta aka yi ta kai ruwa rana tsakanin NIPOST da hukumar tara haraji ta FIRS. Gidan waya ya ce kan sarki nasa ne tun fil azal, FIRS ta ce haraji aikinta ne. Dokar kuɗi ta 2019 ta ba FIRS gaskiya a kan karɓar harajin, kuma a 2020 rigimar ta fito fili har shugabannin hukumomin biyu suna mayar wa juna martani a bainar jama'a. Gidan waya ya tashi da buga kan sarkin da ake mannawa, babban kuɗin ya bi ta wata hanya.

Wuri na biyu shi ne lasisi. A Yulin 2020 NIPOST ta fitar da sabon kuɗin lasisin kamfanonin aike: naira miliyan 20 ga masu aikin ƙasa da ƙasa, miliyan 10 ga masu zagaye Najeriya, miliyan 5 ga na shiyya, miliyan 2 ga na jiha, miliyan 1 ga na cikin gari, har ƙananan masu 'yan babura aka yanka musu naira 250,000. Jama'a suka yi caa, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya fito ya ce ba da amincewarsa ba, ya ba da umarnin a dakatar. Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin rigimar 'yan Legas masu kai saƙo a babur. Ni abin da na gani a ciki daban ne. NIPOST tana da shago a kasuwa, kuma ita ce sarkin kasuwa. Tana gasa da kamfanonin aike, ita ce kuma ke ba su lasisi ta yanka musu kuɗi. Duk abin da ta ɗora musu a kanmu zai dawo, domin matashin da ya yi tunanin buɗe ɗan kamfanin kai saƙo tsakanin Funtuwa da Malumfashi da Katsina sai ya sayar da gona kafin ya fara. Sannan in ita kanta ta ƙara farashi, wurin wa za a kai kuka? A ranar nan minista ne ya tsawatar. Tsawar minista ba tsari ba ce, gobe wani ministan zai iya yin shiru. A harkar sadarwa akwai NCC a tsakani. Da kamfanoni suka nemi ƙarin kashi 100, ita ce ta tsayar da shi a 50. Mun ji zafi, amma mun san ƙofar da aka bi. An sha kai ƙudiri Majalisar Tarayya na a raba aikin sa ido da aikin kai saƙo a harkar gidan waya, kuma ban taɓa jin muryar wata ƙungiyar marubuta a cikin masu matsa lamba ba, alhali muna cikin waɗanda abin zai fi amfana.

Ga wani gwaji. Mu sama da dubu ne a zauren nan. Mutum nawa ne zai iya faɗin kuɗin aika littafi mai shafi 150 daga gidan wayar garinsu zuwa Sakkwato, ba tare da ya je ya tambaya ba? Farashin da ba a yi shelarsa ba, ba a liƙa a bango ba, ba a faɗa a rediyo da Hausa ba, ga talaka daidai yake da babu.

A wasu ƙasashe an daɗe da warware wannan. A Amurka tun 1938 aka ware wa littafi farashinsa mai rahusa, yau ana kiransa Media Mail. Sharaɗinsa shi ne kada a cusa talla a ciki, kuma ma'aikaci yana da ikon buɗewa ya duba. Ban da wannan, ƙungiyoyin da ba na riba ba, na addini da na ilimi da na agaji, suna da nasu farashin idan za su aika takardu da yawa a lokaci guda, aƙalla guda 200, bayan sun nemi izini an tantance su. Tun shekarar 2000 doka ta ɗaure farashin nasu a kan kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da 'yan kasuwa ke biya. Akwai kuma hukuma daban mai sa ido, wadda dole gidan waya ya kai mata sanarwar ƙarin farashi, jama'a su rubuto ra'ayinsu kafin ya fara aiki. Ba aljanna ba ce. A 2020 hukumar ta ba gidan waya damar ƙarin da ya wuce hauhawar farashi, kan sarkin da yake senti 55 a farkon 2021 ya kai 73 a Yulin 2024. Ƙungiyoyin masu aike, har da gamayyar waɗanda ba na riba ba, suka kai ƙara kotu, suka sha kaye. Amma ku lura, suna da gamayya, suna da alƙaluman da za su nuna, suna da inda za su kai ƙarar.

Darasin da ya fi muhimmanci daga can shi ne na wanda ke biya. Da can majalisarsu ce ke cike wa gidan waya giɓin rahusar da yake yi wa waɗannan ƙungiyoyi. Da majalisa ta fara noƙewa, sai a 1993 aka yi dokar da ta sauke mafi yawan nauyin daga baitulmali, ya koma kan sauran masu aike da su ƙungiyoyin kansu. Idan ƙasa mai wannan arziki ta yi haka, ku yi tunanin abin da zai faru in muka je muka ce wa NIPOST ta yi mana rahusa daga aljihunta. Za a yi bikin ƙaddamarwa a Abuja, a yanka kyalle, bayan wata uku ka je kanta a ce maka takardar umarni ba ta iso ba.

Misalin da ya fi kama da halinmu shi ne na Indiya, ƙasar ƙauyuka da harsuna barkatai. A Disamban 2024 gidan wayarsu ya soke tsohon tsarin aika littafi mai rahusa. Masu buga littattafai da masu karatu suka yi ta ƙorafi. Ranar 1 ga Mayun 2025 aka fito da wani sabo mai suna Gyan Post na littattafan ilimi, daga rufi 20 ga ƙunshin da bai wuce giram 300 ba zuwa rufi 100 ga mai kilo 5. Bai maye gurbin tsohon gaba ɗaya ba, amma ya nuna cewa inda masu littafi ke da baki ana jin su. Kuma kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a wurinmu. Najeriya memba ce a Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874, kuma a yarjejeniyarta littattafan makafi har nauyin kilo 7 ba a biya musu kuɗin aike. Wato an riga an yarda cewa wani nau'in karatu ya cancanci a sauƙaƙa masa hanya. Faɗaɗa ƙofar muke nema.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema ba shi da yawa. A sa farashin littafi bisa nauyi kawai, ba bisa nisa ba, a buga shi da Hausa da sauran harsuna a liƙa a kowane kanta. A ƙara rahusa ga ƙungiyar da ke da rajista da CAC a matsayin wadda ba ta riba ba, da makarantu da ɗakunan karatu. A ba da rasit mai lambar bin sawu, domin ba wanda zai miƙa kwafi hamsin ya tafi da addu'a kaɗai. Sannan, wannan shi ne ƙashin bayan abin, a rubuta a kasafin kuɗi sunan wanda zai cike giɓin. Akwai UBEC da ke kashe kuɗi a kan littattafan firamare, akwai ma'aikatun ilimi na jihohi. Jihar Katsina za ta iya zama ta farko da za ta yi yarjejeniya da gidan waya a kan kai littattafai makarantunta. In an gwada a jiha ɗaya an ga lissafin, sauran za su kwaikwaya.

Za a ce mutanenmu za su cusa atamfa da turare a kwali su rubuta littafi a kai. Za su yi, mun san halinmu. Maganinsa shi ne a kawo ƙunshin a buɗe, a duba a gabanka, a rufe. Za a ce gidan waya jinkiri gare shi. Littafi ba tumatir ba ne, in ya yi mako ɗaya a hanya ba ya ruɓewa, matuƙar zai isa. Za a ce a ƙasar da ake fama da yunwa da 'yan bindiga wa ke da lokacin kuɗin aika littafi? Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba na raina ta, don mu ne ke kwana da ido ɗaya a wannan yanki. Amma yankin da malamai ke gudun a tura su, inda ake rufe makarantu in hari ya yi yawa, shi ne ya fi buƙatar littafi ya iso da ƙafarsa, tunda masu kawo shi sun daina zuwa.

Saura namu ɓangaren, wanda ya fi ɗaci. Ƙungiyoyinmu da yawa ba su da rajista, ba su da adireshi in ban da lambar wayar shugaba, ba su da asusun banki da sunansu. Ko gobe aka fito da rahusar, kaɗan ne za su cika sharaɗi. Kuma ba wanda zai saurari koke marar alƙalami. Idan shugabannin ANA, ƙungiyar da Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981 kuma take da rassa a jihohinmu, za su zauna da shugabar gidan waya Tola Odeyemi ko kwamitin majalisa, tambayar farko da za a yi musu ita ce: littafi nawa kuke aikawa a wata, zuwa ina, kuna biyan nawa? Yau ba mu da amsa. Gidan waya mai neman ciniki zai fi jin maganar wanda ya ce ga kwafi dubu kaza a shekara da ke bi ta tasha, ku sa farashi kaza mu dawo da su wurinku, fiye da wanda ya zo da roƙo.

Don haka ga abin da nake roƙon kowane sakataren ƙungiya da kowane marubuci mai aika littafi a zauren nan. Ka sayi ɗan littafin rubutu mai shafi arba'in. Duk saƙon da ka aika ka rubuta rana, da garin da ya tashi, da garin da ya nufa, da yawan kwafi, da abin da ka kashe tun daga ƙofar gida, da kwanakin da ya yi kafin ya isa. Wanda garinsu ke da gidan waya mai aiki, ya ɗauki littafi ɗaya ya je a auna masa, ya tambayi kuɗin aika shi zuwa Kano da Maiduguri da Legas, na talaka da na rajista da na gaggawa, ya rubuto mana abin da aka faɗa masa. Mutanen Funtuwa da Malumfashi da Katsina da Zariya, ku ne kusa, ku fara. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma su tambayo nasu gidan wayar mu kwatanta. Ranar 9 ga Oktoba ce Ranar Gidan Waya ta Duniya, ranar da jami'ansu ke fitowa gidajen rediyo suna neman abin faɗa. Ni zan ɗauki nauyin haɗa alƙaluman da kuka turo wuri ɗaya, in miƙa wa shugabannin zaure wata ɗaya kafin ranar, su duba su ga wa ya dace ya sa hannu a takardar.